Ya Tafi Jami'a Da Carbi, Ya Dawo Da Tambaya

Maganar da na ɗauko a wannan wata irin wadda ake yi ce a zaure da murya ƙasa-ƙasa, in yaro ya shigo a yi tsit. Na daɗe ina juya ta a raina, ina gudun kada a ce malamin lakwal ya kwashe asirin gida ya kai jarida. To, amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani dare cikin hutun damina, bayan an idar da sallar isha'i, sai wani dattijo maƙwabcina, mai sayar da goro da turare a babbar kasuwar Maruwa, ya yi mini sallama. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi maganar ruwan bana da tsadar gero, har na fara zaton hira kawai ta kawo shi. Can sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, kai ka fara riƙe wa yaron nan hannu ya rubuta baƙin boko. To, ga shi lakwal ta cinye mini ɗa."

Yaron da yake nufi na san shi kamar yunwar cikina. Shekara biyu yana ajina a firamare. Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara 14, kuma in ladanin masallacin unguwarmu ya makara shi ke kiran assalatu, da wata siririyar murya mai tada tsigar jiki. Shi ne na farko a gidansu da ya ci bak, ranar har rago aka yanka. Yanzu ya shekara uku a jami'a, ya zo hutu, uban ya lura asuba sai an yi ta bugun ƙofa, azahar da la'asar kuwa a ce ya fita. Da aka matsa masa, bai yi rashin kunya ba, bai zagi kowa ba, cewa kawai ya yi, "Baba, ka yi haƙuri, in na tsaya salla ba na jin komai, kuma ba na so in yi wa Allah ƙarya." Dattijon ya ce da ma giya aka ce ɗansa na sha, da ya san maganin abin.

Ban iya ce masa komai ba a daren, sai haƙuri da na ba shi. Abin da bai sani ba shi ne, wanda ya kawo wa ƙara shi ma ya taɓa kwana a wannan rami. Zan zo kan wannan a gaba.

Abin da muke ɗora musu

Kafin a zargi yaro, ya kamata a duba irin kayan da muke ɗora masa ranar da muka raka shi tasha. Mu Hausawan Kamaru, tun daga Barmare ta Maruwa da Hausare ta Garwa har Birketiri ta Yaunde da Nubel ta Duwala, fatauci da malanta suka kawo kakanninmu: goro, fata, ɗinki, fawa, wanzanci da allo. A kasuwa Fulatanci muke yi, a ofis Faransanci, Hausa sai an shiga gida, a wasu gidajen ma ta fara ƙaura. Abu biyu ke riƙe da mu a matsayin jama'a ɗaya, harshe da addini. Saboda haka in uba ya ga Hausar ɗansa ta gurgunce, sa'an nan ya ga salla ma tana neman kuɓucewa, gani yake ba abin da ya rage masa a jikin yaron sai kamannin fuska. Wannan shi ya sa kukan dattijon nan ya fi ƙarfin maganar salla kaɗai.

Kuma mun shiga boko a makare. Kakanninmu ɓoye 'ya'ya suka riƙa yi a rumbu in an zo ɗaukar 'yan lakwal. Da muka farka muka ce bari mu kama, sai muka tarar an kwashe tabarmar. Waɗanda suka yi jami'ar Yaunde a zamanin Ahijo da farkon mulkin Paul Biya, gwamnati ke biyansu kuɗin burs, ga abinci mai rahusa, ga aiki na jira. A watan Janairu na 1993 aka yi wa jami'a garambawul, aka raba ta gida shida, cikinsu har da ta Ngaundere da ke Dang, kimanin kilomita 15 daga gari. A wannan garambawul ne burs ya tafi, aka ɗora wa kowane ɗalibi sefa 50,000, wato jaka 50, a shekara. A shekarar nan dai aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, sa'an nan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ke nan daidai lokacin da Bahaushe ya yarda ya kai ɗansa jami'a, lokacin ne jami'a ta daina zama tsani ta koma caca.

Duk da haka mun yi murna ranar 9 ga Agusta 2008 da aka sa hannu kan dokar kafa Jami'ar Maruwa, wadda ta fara da babbar makarantar horon malaman sakandare. Masu tunawa za su tuna yadda 'yan majalisa na arewa suka tada ƙura kan jerin sunayen farko na waɗanda aka ɗauka, suka ce 'ya'yan yankin sun yi kaɗan, har aka faɗaɗa jerin ya koma dubbai. Gari ya cika da baƙi, kuɗin haya ya tashi, ana karatu a gine-ginen aro a unguwanni daban-daban kafin a fara komawa Kongola. A Janairun 2022 kuma Garwa ta sami tata jami'ar. Yaro ba sai ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yaunde ba. Alhamdu lillahi.

To, amma me yaron ke tararwa in ya shiga? Ba wata jami'a ɗaya nake nufi ba, abin ya zama ruwan dare. Zauren lacca cike maƙil, wanda bai zo da asuba ba sai ya tsaya a taga, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Malami ya zo daga wani gari ya dunƙule karatun wata uku cikin kwana biyar ya koma. Sauran kuwa sai a sayi kwafin takardu a haddace, a zubar ranar jarrabawa, a manta. Yaron da ya zaci zai tarar da majalisar masana, sai ya tarar da wata makarantar haddar, ba ma albarkar malam a ciki. Da dare ya koma ɗan ɗakinsa na minisite, su biyu ko uku, ya jiƙa garin rogo da sukari, ya kwanta yana lissafin kuɗin haya.

Babban abin da ke riƙe da su da shi ne matirkil, wato lambar albashin gwamnati. In ka ci kwankur ka shiga makarantar horon malamai, to ka haye. Wannan ma ya yanke, domin daga 2023 gwamnati ta raba horo da ɗaukar aiki, wanda ya gama sai ya sake wata gasar kafin a ɗauke shi. Waɗanda suka riga suka haye ɗin ma, ai mun ga abin da ya fito da malamai yajin aikin OTS a Fabrairun 2022. Wa zai manta da marigayi Hamidu, malamin wasannin motsa jiki a lisen Beka ta yankin Faro, wanda ya yi shekara 10 yana koyarwa ba albashi, ya rasu a watan Maris na shekarar, ba da daɗewa ba bayan an sa hannu a takardarsa? Allah Ya jiƙansa. Ɗalibi yana ganin duk wannan. Yana kuma ganin yayansa mai lisans yana tuƙa kilando a Domayo, yana rufe fuska da rawani kada tsofaffin 'yan ajinsu su gane shi.

Mai karatu zai ce, to me ya haɗa wannan da salla? Abin da ya haɗa su shi ne, mu da kanmu muka ɗaure su da igiya ɗaya. Tun yaro na ƙarami muke ce masa, yi karatu, yi salla, Allah zai ba ka babban matsayi. Ranar jarrabawa mu kai alƙalaminsa wajen malam a tofa, mu ba shi rubutu ya sha, mu ɗaura masa laya a damtse. Mun mai da ibada kamar kuɗin kwankur, ka biya a ba ka rasit. To, ranar da ya yi azumin Litinin da Alhamis, ya raya dare, ya faɗi kwankur sau uku, alhali wani da bai san inda alƙibla take ba ya haye don yana da kawu a sama, me kake zaton zai faɗo masa a rai? Ba addini ne ya yi masa alkawarin matirkil ba, mu ne. Amma yaro ɗan shekara 21 ba lalle ne ya iya raba bakinmu da bakin addini ba.

Inda tsagar ke farawa

Iyaye da yawa sun ɗora laifin duka kan filo, wato darasin falsafa na lise. Gaskiya ne a nan ne yaro ke fara jin sunan Dekart da ya ce a yi kokwanton komai kafin a yarda da shi, da Maks, da Niche, da namu na gida irin su Marcien Towa da Njoh-Mouelle. Wasu kuma sun karanta littafin nan na Cheikh Hamidou Kane, L'Aventure ambiguë, na 1961, labarin wani yaro Bafulatani da aka cire daga makarantar allo aka kai lakwal, ya je Faris ya karanta falsafa, ya dawo salla ta gagare shi, ƙarshe wani mahaukaci ya kashe shi. Shekara fiye da 60 ke nan da wani Musulmin Senegal ya hango abin da muke kuka da shi yau. Sai dai a iya abin da na gani cikin shekarun da na yi ina hulɗa da tsofaffin ɗalibaina, littafi ba shi ke fara tsaga bango ba. Littafi yakan zo ne daga baya, ya ba yaro kalmomin da zai faɗi abin da ya riga ya ji a ransa.

Tsagar farko sau da yawa abokin ɗaki ne. Yaro ya tashi yana jin ana ce wa duk wanda ba ya salla arne ko kaɗo, ana faɗin kalmar kamar ana tofar da yawu. Sai ya je jami'a ya haɗa ɗaki da Batupuri ko Bagiziga ko wani ɗan kudu mai zuwa coci. Zazzaɓi ya kada shi, wannan abokin ne ya goya shi a babur zuwa asibiti, ya sayar da wayarsa ya sayi magani, ya kwana a kansa. Da azumi ma shi ke tashinsa sahur. Yaro ya warke ya zauna yana tunani: ashe abin da aka gaya mini game da mutanen nan ba haka yake ba, to sauran abin da aka gaya mini fa?

Tsaga ta biyu, kuma wadda ta fi ciwo, a masallaci take. Ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, irin su CAMSU, sun yi aiki mai kyau, sun riƙe yara da yawa da in ba don su ba da sun lalace, wannan ba mai musu. Amma rigimar da manya suka kasa kashewa a gari ta bi yara har makaranta. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 muhawarar ɗariƙa da sunna ta tsallako iyaka, ta bi kaset, ta bi waɗanda suka dawo karatu daga ƙasashen Larabawa, yau kuma ga ta a cikin wayar kowa. Yaron da ubansa ke zama wazifa kullum, ya je a ce masa uban nasa ɗan bidi'a ne, wani ma ya ce mushiriki. Ya dawo gida a ce masa waɗancan 'yan ƙwangilar riyal ne, ba su ƙaunar Annabi. Wannan ya ce ƙabalu, wancan ya ce sadalu. A buɗe waya a ga malamai masu furfura suna yi wa juna raddi da baƙaƙen maganganun da ko 'yan tasha sai su ji kunya. Kowane ɓangare ya koya wa yaro yadda zai rushe hujjar ɗayan, ya ƙware ƙwarai, to ranar da ya juyo da wannan gatari kan ɓangarorin biyu gaba ɗaya fa? Gatarin ai mu muka wasa masa.

Sa'an nan ga abin da ba ma son tunawa. Sunan garinmu ya riga ya shiga tarihi tun kan Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda tarzomarsa ta ci rayuka fiye da 4,000 a Kano a Disambar 1980. Muka ce wannan can ne, a Nijeriya. Da aka kashe Muhammad Yusuf a Maiduguri a 2009, muna jin labarin ɗaliban da suka yayyaga takardun digirinsu suka bi shi, nan ma muka ce can ne. Sai ga shi a Amcide, a Kolofata, a Fotokol. Ranar 22 ga Yuli 2015 'yan mata biyu suka tada bam, ɗaya a bakin babbar kasuwa, ɗaya a Barmare, unguwarmu ta Hausawa. Bayan kwana uku aka sake a Pon Ver. Waɗanda ke jami'a yau, a lokacin suna 'yan shekara 10 zuwa 12. Sun ga jini a kan hanyar da suke bi zuwa makarantar allo. Mun ce musu wannan ba Musulunci ba ne, kuma gaskiya muka faɗa. Amma yaro mai kaifin kai yana da tambaya ta biyu: su ma ayoyi suke jawowa, ta yaya zan gane mai gaskiya? Wannan tambaya tana da amsa, malamai na ƙwarai sun san ta. Abin takaici, sau da yawa amsar da yaro ke samu ita ce tsawa.

Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike na Arab Barometer da BBC ta buga a 2019 ya nuna cewa a ƙasashen Larabawan da aka zagaya, masu cewa su ba masu riƙo da addini ba ne sun tashi daga kashi 8 cikin 100 a 2013 zuwa kashi 13, kuma abin ya fi yawa cikin matasa. Da aka sake binciken a 2022 sai aka ga matasa da dama sun juyo. Ke nan abin yana tafiya yana dawowa, kamar ruwan mayo.

Wata bakwai

Yanzu bari in cika alkawari. Ni ban yi jami'a ba, jaka 50 da kuɗin haya sun fi ƙarfin gidanmu, sai na shiga makarantar horon malaman firamare, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Ina shekara ta biyu sanƙarau ya ɗauke ƙanwata cikin kwana uku, yarinya 'yar shekara 9. A zaman makoki wani mai wa'azi ya miƙe ya ce irin wannan annoba zunubin gidaje ke jawo ta, yana faɗa yana duban mahaifiyata ta bayan zana. Na koma makaranta da wannan a ƙirjina, na tarar 'yan ɗan masallacinmu sun rabu biyu kan wanda zai yi limanci, har an ba hammata iska, ana jam'i biyu a ɗaki ɗaya. Wata asuba na tashi na ɗauki buta, na zauna, na ga ba zan iya ba. Wata bakwai ban yi salla don Allah ba. In idon mutane na kaina sai in bi sahu, wani lokaci ko alwala babu. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na watannin nan ba, domin wanda ya rasa kuɗi yana iya faɗa wa aboki, wanda ya rasa imani fa, wa zai faɗa wa?

Wanda Allah Ya sa ya zama sanadi wani tsoho ne, tsohon malamin Larabci a makarantar faranko-arab, ya yi ritaya yana ɗinkin huluna a zaurensa. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ban san yadda aka yi na buɗe masa cikina ba. Ina gamawa na jira ashar ko kora, sai ya ce, "Ɗana, ka ci abinci kuwa?" Ya sa aka kawo fura. Sai da na sha ya gaya mini cewa sahabbai da kansu sun taɓa zuwa wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna kukan wasu tunane-tunane da ke zo musu waɗanda suke jin nauyin furtawa, bai kore su ba, sai ma ya nuna musu wannan nauyin da suke ji alamar imani ce. Ya tuna mini Annabi Ibrahim da ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu. Ya ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi faɗa da malaman zamaninsa masu saurin kafirta talakawa. Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan littafi da ya sha jiki, Larabci da fassarar Faransanci, Al-Munƙiz minad Dalal na Imamu Gazali.

Mai karatu, wannan Gazalin dai da malamanmu ke karanta Ihya'unsa a zaure, ana kiransa Hujjar Musulunci. An haife shi a Ɗus ta ƙasar Farisa a 1058. A 1091 aka naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda in a yau ne jami'a za a kira ta, ɗalibai wajen 300 na zama gabansa. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa tun yana saurayi ya lura 'ya'yan kowane addini kan tashi ne a kan addinin iyayensu, abin ya dame shi, ya shiga binciken mene ne tabbas, har ya kai kusan wata biyu yana kokwanton komai, har abin da idonsa ke gani. Wannan ya wuce. Daga baya, yana kan ganiyar ɗaukaka, sai ya duba karantarwar tasa ya ga neman suna ne da matsayi, ba don Allah ba. Ya yi wata shida yana ja-in-ja da zuciyarsa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi shiga, likitoci suka ce ciwon a zuciya yake. A 1095 ya bar kujerar, ya bar Bagadaza, ya tafi Dimashƙa da Ƙudus da Makka, sai bayan shekara 11 ya koma koyarwa a Naisabur. Ya rasu a 1111.

Ba zan ce littafin ya amsa mini dukan tambayoyina ba, wasu har yau ina tare da su, mun saba. Abin da ya yi mini shi ne ya nuna mini ramin da na faɗa ba ni na fara faɗa masa ba, kuma wanda ya fi ni ilmi nesa ba kusa ba ya shiga ya fito, bai kuma ji kunyar rubutawa ba. Na yi ta tunanin da a wasu unguwanninmu na yau Gazali ya faɗi abin da ya faɗa, da tuni an ɗaure shi an kira mai ruƙiyya.

Domin haka muke yi. In yaro ya furta, abu na farko a ce aljanu ne ko sammu, a kai shi a yi ta yi masa hayaƙi. In bai yi ba a yanke kuɗin makaranta. In mace ce, abin ya fi sauƙi a wajenmu, sai a cire ta a yi mata aure, a ce da ma boko bai dace da ita ba, ba wanda zai tambaye ta me ke ranta. Yaran kuma suna da waya, sun san abin da ya sami Mubarak Bala na Kano, injiniyan da ya bayyana barin addini a 2014 danginsa suka kai shi asibitin masu taɓin hankali, aka kama shi a 2020, kotu ta yanke masa shekara 24 a 2022 kan abin da ya rubuta a Facebook, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage a 2024 ya fito. Sun ga abin da aka yi wa Deborah Samuel a kwalejin horon malamai ta Shehu Shagari a Sakkwato a watan Mayu na 2022, 'yan makarantarsu suka kashe ta suka ƙone. Ni ban yarda da abin da Mubarak ya rubuta ba, kuma akwai tazara mai nisa tsakanin mai zagin abin da mutane ke girmamawa da yaron da ke kuka a ɗaki don salla ta daina yi masa daɗi. Amma yaron bai tabbata za mu ga wannan tazarar ba. Kamaru ƙasa ce da tsarin mulkinta bai ɗauki addinin kowa ba, ba kotun da za ta kama shi. Tsoronsa hawayen uwarsa ne, da kanwar da za a daina sha da gidansu, da ƙannensa mata da za a ƙi aura. Saboda haka sai ya yi shiru, ya bi sahu ba alwala, yadda na yi. Mu kuma mu ce alhamdu lillahi yaro ya shiryu.

Cikin waɗanda na sani, da yawa sun dawo da kansu, wasu bayan aure, wasu ranar da suka sa uba a kabari, kuma imanin da suka dawo da shi ya fi na da ƙwari, don nasu ne, ba na gado ba. Wasu sun yi tsalle zuwa ɗaya gefen, suka zama masu tsananin da ko iyayensu ba su tsira daga bakinsu ba, kuma ni a ganina wannan ma wani nau'in gudun kokwanto ne, mutum na ɗaga murya don kada ya ji abin da zuciyarsa ke faɗa. Wasu kuwa suna nan cikinmu, da manyan riguna, a sahun gaba ranar Juma'a, Allah kaɗai Ya san abin da ke ciki.

Shi kuwa yaron maƙwabcina, bayan kwana biyu na aika aka kira shi. Muka taka da yamma a ƙarƙashin itatuwan darbejiya har bakin mayo Kaliyawo, ruwa ya kawo ja wur, yara na wanka. Da farko sai "E, Malam", "A'a, Malam" yake yi, kamar yana aji. Sai da na ba shi labarin watannina bakwai ya tsaya cak ya dube ni. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya yi maganar abokin ɗakinsa, ya yi maganar kwankur biyu da ya faɗi, ya yi maganar wani ɗan ajinsu na allo da aka tsinci takalminsa a Barmare a 2015. Ya yi mini tambayoyi uku, na amsa ɗaya, na ce masa biyun sun fi ƙarfina, amma na san malamin da ba zai kore shi ba in ya je da su. Ya ce, "Malam, ni ba na ƙin Allah. Ina ma a ce in ji abin da nake ji da, lokacin da nake kiran salla." Muna nan har aka kira magariba. Na yi alwala a bakin mayo na yi sallata, ban ce masa taso ba, shi kuma ya zauna ya riƙe mini takalma da agogo.

Uban ya so ya hana shi komawa, ya zaunar da shi a rumfar goro. Na roƙe shi, na ce, "Alhaji, in ka rufe masa wannan ƙofa, da wa zai riƙa hira in ban da wayarsa?" Ya ce zai yi shawara. Sai da hutu ya kusa ƙarewa ya kira yaron ya ƙirga masa jaka 50 da kuɗin haya, bai ce uffan ba.

Ranar tafiya na raka su tasha da sassafe. Na ba yaron littafin nan na Gazali, wanda tsohon ya bar mini, na ce aro ne. Ana ɗaura kaya a saman mota sai na ga Alhaji ya buɗe jakar ɗansa ya cusa wata sabuwar dadduma a ƙarƙashin tufafi, yana yi yana waige kamar mai sata. Yaron na tsaye a bayansa, ya gani sarai, ya kau da kai, bai cire ba. Mota ta tashi ta nufi hanyar Garwa. Alhaji ya ce mini zai wuce kasuwa, goron da ya jiƙa tun jiya na jiransa. Littafina kuwa har yau bai dawo ba.